Banɗakin da Dikko Ya Gyara wa Haulatu

Duk Bahaushen da ya ɗan daɗe a Doha ya san Dikko mai gyaran famfo, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Dogo ne siriri, ɗan Malumfashi, mai tafiya a ɗan sunkuye kamar kullum yana shirin leƙa ƙarƙashin wani abu. Idan an taru bayan sallar Juma'a ana musun ƙwallo ko siyasar gida, shi yana gefe yana murza tafin hannunsa da siminti ya busar, in an yi abin dariya ya yi murmushi, in an tashi ya tashi.

Ba da gyaran famfo ya zo ƙasar ba. Gadi ya zo yi. Shekarunsa na farko a bakin ƙofar wani dogon bene da ake ginawa ya yi su, cikin rigar kamfani mai kauri, rana tana dukansa daga sama, kwalta tana gasa shi daga ƙasa. Akwai wani dattijo ɗan Nepal da ke haɗa bututun ruwa a ginin, Dikko ya riƙa ɗaukar masa kaya idan ya sauka daga aiki. Ba sa jin yaren juna, da hannu da ido aka yi karatun. Kafin a buɗe benen Dikko ya iya haɗa fayif, ya iya kafa masai, ya iya shimfiɗa tayil, kamfani ya mayar da shi ɓangaren masu gyara.

Ya bar mata a gida, Haulatu, ko shekara ba su cika da aure ba. Daga nan zaman nasu ya koma na hutu: ya je, su fara sabawa, ya dawo. Sau ɗaya ta samu ciki, ya zube bayan ya yi nisa. A waya aka gaya masa, yana tsaye a bakin ƙofa, motar siminti tana jiran ya ɗaga mata ƙarfen tare hanya. Ya ɗaga, ta wuce, ya sauke. Bai samu zama ba sai da aka canje shi da yamma.

An kwashe shekaru a haka kafin Allah ya kawo hanya. Wani kamfani ya nemi mata masu rakiyar yara a motar makaranta, Dikko ya yi ta sintiri har aka sa sunan Haulatu. Da ta iso, suka kama ɗaki a wani tsohon gida a unguwar Bin Mahmud, irin gidajen nan masu hawa biyu da ke manne da juna bango da bango. Masu gidan sun daɗe da komawa bayan gari, an yanyanka shi ɗaki-ɗaki an ba 'yan haya. Nasu a ƙasa yake, da ɗan banɗakinsa a ciki. Kusa da su Eli ne, mutumin Kafanchan mai gyaran na'urori a wani asibiti a unguwar Al-Sadd. A sama kuma akwai Mma Awawu, dattijuwa daga Zangon Kumasi, mai dafa abinci a wani kamfani.

A nan ne Dikko ya fara sanin abin da sauran mutane ke kira zaman aure. Ya dawo daga aiki ya tarar da takalmin wani a bakin ƙofa ban da nasa. Ya yi tari a ce masa sannu. Yammacin Juma'a sukan shiga bas zuwa Corniche, can bakin teku, su zauna a kan dakali suna kallon jiragen ruwa na katako, ita tana ba shi labarin yaran motarta, wadda ke cizo da wadda ke kuka in an rabu da uwarta, shi yana sauraro. Bai cika cewa komai ba, amma abokan aikinsa sun lura ya daina neman ƙarin awa.

Sai ciki ya zo.

Ba ta faɗa masa da baki ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dai ga ta daina shan shayi, ya ga takardar asibiti a ƙarƙashin filo, ya fara sayo lemo da kankana ba tare da an aike shi ba. Haihuwar fari ce ake jira, kuma Haulatu ta tashi a gidan da mace ba ta ɗaga ido ta yi zancen irin wannan ciki ko da mijinta. Idan dole ta kama, sai ta ce "abin nan", shi kuma ya ce "to".

Abin da dukansu suka sani, ba su kuma furta ba, shi ne maganar tafiya. A al'ada mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa, ta haihu a can, uwa ta yi mata wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye har ta yi arba'in. Amma kamfanin Haulatu ɗan hutu kaɗan yake bayarwa. In ta wuce shi za a sa wata a motar, takardar zamanta ta mutu. Shi kuma matsayin aikinsa bai kai wanda ake ba mutum izinin ajiye iyali da sunansa ba. In ta tafi wankan gida, ta tafi ke nan. Za su koma zaman waya.

Wata ranar Asabar da yamma, bayan ta gama magana da mahaifiyarta, ta zo ta zauna a bakin katifa tana naɗe ɗankwali tana warwarewa.

"Malam," ta ce, idonta a ƙasa, "Inna tana ta maganar wankan nan."

"Na'am."

"Ta ce… to, ka dai ga banɗakin nan. Ba zai yi ba."

Dikko ya tashi ya tura ƙofar banɗakin ya tsaya yana kallo, kamar yau ya fara ganinsa. Gaskiya ne, ba zai yi ba. Wani tsohon bahon ƙarfe ya cinye rabin wurin, tsatsa ta ci gindinsa. Tayil ɗin ƙasa masu santsi ne, wasu sun tsage. Ruwa ba ya bin magudana, a lungu yake taruwa sai an kore shi da tsintsiya. Hitar kuwa ƙarama ce, ko bokiti biyu ba ta cikawa. Ya ji wani sauƙi ya sauko masa a ƙirji. In dai wannan ce matsalar, ai a hannunsa take.

"Za a gyara," ya ce.

Ta ɗago ta dube shi, ta buɗe baki, sannan ta mayar da kai ƙasa.

Wakilin mai gidan bai ja magana ba. Ya ce gida ne da ko yaushe za a iya rushe shi, wanda ke son ya zuba wahalarsa a ciki ga shi ga wurin. "Khalas, shi ke nan, yi abin da ka ga dama. Bangon maƙwabta kawai kada ka taɓa."

Juma'ar da ta biyo baya Dikko ya sa guduma. Eli ya fito da gajeren wando, buroshi a baki, ya tarar da ƙura ta cika tsakar gida.

"Malam Dikko, yaƙi aka fara ba a gaya mana ba?"

"Zo ka kama mini bahon nan."

"Ranar hutuna ɗaya tal. Kai ko tausayin arne ba ka ji?"

"Kama can gefen. A hankali, yana da kaifi."

Suka fito da shi da ƙyar, suna nishi, suka jingine a bayan gida. Eli ya murɗa famfon tsakar gida zai wanke hannu, ya janye da sauri yana yarfewa, don bazara ta shigo, tankin da ke kan rufi ya dafa ruwan.

"Wai hita za ka saya? Ɓarnar kuɗi! A garin nan Allah da kansa yake dafa ruwan jego, kyauta. Ka sa Madam a ƙarƙashin wannan da azahar, ko kakarta ba ta yi irinsa ba."

Haulatu da ke bakin ƙofa ta ja mayafi ta shige ɗaki. Dikko ya harare shi.

"Bakinka ba shi da linzami, Eli."

"To me na ce? Duk layin nan an sani, ku biyu ne kawai ba ku sani ba."

Tsohon gida ba ya ba da kansa da sauƙi. Da ya ɗaga tayil ya tarar da wasu a ƙasa, koraye, na zamanin masu gidan. Da ya ɗaga waɗannan ya tarar da fayif na ƙarfe da gishirin ruwa ya cinye, yana taɓawa suna marmashewa. Wani zai rufe ya wuce. Dikko bai iya rufe ɓarna ba, ko a gidan baƙo, balle nan. Ya fasa bango ya bi su har inda suka shigo, ya cire, ya sa na roba. Bangon ya jiƙe har ciki, ya kafa masa fanka, ya jira. A wannan tsakanin sama Haulatu take hawa, wurin su Mma Awawu, tana dafa bango tana hutawa a tsakiyar matakala.

Da ya zo ginawa, bai gina irin wanda yake yi wa masu benaye ba, mai gilashi da fitilu. Ya zauna ya tuno yadda ya ga ana yi wa yayyensa yana yaro, daga nesa, ta bayan zana. Mai jego zama take yi, don haka ya gina ɗan dakali gajere ya goge bakinsa kada ya yanke ta. Ruwa da yawa ake zubarwa, don haka ya karkatar da ƙasan, ya sa magudana mai faɗi da ganye ba zai toshe ba. Ya zaga shaguna har ya samo tayil masu kaushi da ƙafa ba ta zamewa a kai. Ya kafa ƙarfe a bango inda hannu zai kai in za a miƙe. Ya bar fili inda babbar roba za ta zauna. Har darbejiya ya gano, bishiyu uku a bayan wani masallaci a Al-Sadd, ya yi magana da mai sharar wurin, ya ce ya zo ya tsinka duk lokacin da ya so.

Kullum ya dawo daga aikin kamfani sai ya cire riga ya shiga wannan, har a kira isha'i. Haulatu takan kawo masa ruwan sanyi ta tsaya a bakin ƙofa. Ya nuna mata abin da ya yi yau, da abin da ya rage. Ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Wani lokaci ta daɗe a tsaye bayan ta faɗa, kofin a hannunta. Shi ya ɗauka gajiya ce.

Da aiki ya kusa kammala ya ce a kira Inna ta gani. Aka kira ta bidiyo. Dikko ya durƙusa a kan tayil ya gaishe ta, kamar tana gabansa, sannan ya zaga da wayar a hankali: ga dakali, ga hita, ga magudana, ga inda za a ajiye ganye. Inna ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar.

"Kai, madalla. Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi."

"Amin, Inna."

"Allah ya saka da alheri. Ba ni Haulatun."

Suruka ba ta musu da suruki. Dikko ya san haka, amma ranar bai tuna ba. Ya fita tsakar gida yana jin kamar an sauke masa buhu, har ya saya wa Eli lemon kwalba.

Mma Awawu ce ta tare shi washegari. Ta dawo daga aiki, ta zauna a matakala ta cire takalmi tana matsa ƙafafunta da suka kumbura.

"Dikko, zo nan. An ce ka gina fada."

"Ɗan gyara ne, Mma."

"Na leƙa. Ko ni na samu wannan ai sai in sake haihuwa." Ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "To, wa zai riƙe ganyen?"

Dikko ya hau murza tafin hannunsa.

"Tambayarka nake. Ruwan nan da ke cin fata, wa zai tsoma ganye ya watsa mata a baya? Wa zai danna mata ciki? Wa zai dama kunun kanwa ya tsaya a kanta sai ta shanye? In ta ce ba ta iyawa, wa zai daka mata tsawa, in ta yi kuka ya rarrashe ta? Kai? Da wannan hannu naka kamar bulo?"

"Na yi tunanin ko ke, Mma…"

"Ni?" Ta nuna ƙafafunta. "Motar kamfani tana ɗaukata kafin gari ya waye, ta dawo da ni yanzu. Ni da jikokina ma a waya nake ganinsu. Da ina da hali, wallahi da ba sai ka roƙa ba."

"Ita ce ta ce banɗakin ba zai yi ba."

"To me kake so ta ce? Ta dubi idonka ta ce, ina son uwata? A haihuwar fari? Kai ba Bahaushe ba ne? Yarinyar nan kullum ta hau sama sai ta zauna a bakin gadona ta yi kuka kafin ta shiga wanka. Ta ce in ta tafi ta bar ka, in ta zauna tana tsoro. Ta rantsar da ni kada in faɗa. To na faɗa, Allah ya yafe mini."

Sama wani yana soya albasa, ƙamshin ya cika matakalar. Dikko ya ce, "Na gode, Mma," ya juya.

Bai yi maganar a ranar ba. Sai Juma'a, bayan sun ci abincin rana, tana tattara kwanuka, ya ce ta bari ta zauna.

"Haulatu. Gida kike so?"

Hawaye ya fara sauka a kan zaninta.

"Ki faɗa mini. Ba laifi ba ne."

"Tsoro nake ji, Malam," ta ce da ƙyar. "Wancan karon Inna ce ta riƙe ni. Da ba ta nan, ban san… A nan in abu ya faru kana wurin aiki, bango zan kira?"

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Na so. Sai in zo in ga yadda kake aikin." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ban taɓa ganin ka da murna haka ba."

Yana da abin cewa. Yana iya cewa asibitocin nan sun fi na gida, kuma gaskiya ne. Yana iya cewa zai nemi hutu, zai koyi riƙe ganyen, zai nemo wata mace ko daga ina. Ya san in ya ce ta zauna za ta zauna, ba za ta ƙara tayar da maganar ba, za ta ci gaba da hawa sama. Ya dubi hannayenta da suka kumbura, zoben ya nutse a yatsa.

"Gobe ki karɓo takardar likita," ya ce. "In cikin ya ƙara nisa jirgi ba zai ɗauke ki ba."

Karo na farko ke nan da ya ambaci cikin da sunansa a gabanta.

Shi ya je ya yanki tikiti, shi ya ɗaure akwatuna. Ya sayi turare da dabino na Inna, da 'yan kayan jarirai da ya zaɓa shi kaɗai a wani shago, yana jin kunyar mai sayarwa. Haulatu ta yi wanka a sabon banɗakin kwanakin da suka rage, ta ce ƙasan ba ya santsi ko kaɗan. A filin jirgi ba su yi doguwar sallama ba. Ta ce ya riƙa cin abinci. Ya ce ta gaida Inna. Ya tsaya har mayafinta ya ɓace a cikin mutane, sannan ya nemi bas.

Akwai layi ɗaya na tayil a bayan ƙofa da bai cike da farin siminti ba. Ya cike shi a daren farko, ya goge, ya wanke kayan aiki.

Labarin haihuwa ya same shi yana kwance a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka a wani bene, ruwa yana ɗiga masa a goshi. Mace ce, uwa da 'ya lafiya. Aka sa mata Ikilima. Ya saya wa mutanen gida nama da shinkafa, Mma Awawu ta dafa, Eli ya yi ta kiransa angon ƙarni har sai da ya yi dariya. Bayan kwana biyu ƙanwar Haulatu ta turo masa saƙon murya tana gaishe shi, a bayanta ana jin ƙarar ruwa da ganye, da Haulatu tana cewa wayyo Inna ya isa, da Inna tana cewa rufe mini baki, juyo bayanki. Ya saurara sau da yawa.

Hutunta ya ƙare, kamfani ya sa wata a motar, kamar yadda aka sani. Dikko ya bi ofisoshi ya tambaya, aka ce in an sake neman masu rakiyar yara za a sanar. Har yau ba a nema ba. Ɗakin iyali kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai aika kuɗi gida, sai ya gaya wa wakili zai koma masaukin kamfani, can bayan gari, inda mutum shida ke kwana a ɗaki.

Ranar da zai tashi wakilin ya zo da masu son ɗakin, wani ɗan Indiya da matarsa da yara biyu. Kai tsaye banɗakin ya kai su, yana buga tayil da makulli yana cewa sabo ne fil, babu irinsa a layin. Matar ta shafa bango ta gyaɗa kai. Dikko yana tsakar gida da akwatinsa da jakar kayan aiki. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya kira mijin, ya nuna masa wani ɗan makunni a ƙarƙashin hitar, ya gaya masa da guntun Turancinsa cewa ruwan yana zafi ƙwarai, a rage shi saboda yara.

Yana nan a Doha. Ranar Juma'a, in an idar da salla, yakan koma gefen masallaci inda babu hayaniya ya kira gida. Ikilima ta fara tafiya. In aka ce mata ina Baba, wayar take nunawa.